Tukunyar da ke Jiran Sabis

A ranar 15 ga Afrilun 2023 da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF aka rufe filin jirgin saman Khartum. A lokacin tafiyata mai son shiga ƙasar ta sama sai dai ya sauka a Bur Sudan, garin da ke bakin Bahar Maliya, inda gwamnati ta tattara ya-nata ya-nata ta koma. Ta nan na bi a farkon azumin 2024, daga Kano ta Alƙahira.

Shiru ne ya fitar da ni daga gida. Kakanmu yana cikin waɗanda suka tafi aikin hajji ta ƙasa. Ya yi shekaru yana tsinkar auduga a gonakin Jazira kafin ya haɗa kuɗin jirgin ruwa, kuma da zai dawo gida ya baro 'yarsa ɗaya da aure a wani ƙauye kudu da garin Madani. Ita ce goggona. Ko da RSF ta kama Madani a Disambar 2023, mutum kusan rabin miliyan suka watse daga jihar Jazira, goggo ta ce ita ba inda za ta, kuma ba ta fasa aiko mana saƙon murya ba, ko da na gaisuwa ne kawai. A makon farko na Fabrairu sai saƙo ya ɗauke. Kamfanonin waya uku na ƙasar, Sudani da MTN da Zain, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Masu aiki a harkar sadarwa sun ce RSF ce ta sa aka kashe na'urorin manyan cibiyoyin kamfanonin da ke Khartum, don ta tilasta a maido da sabis a Darfur inda take zargin soja da yankewa. RSF kuwa ta ce laifin soja ne. Suna ta jifan juna da laifi, ƙasa mai mutum kusan miliyan 50 ta wayi gari ba kira, ba saƙo, ba tura kuɗi.

A Alƙahira na sauka gidan wani Basudane abokin karatuna a Jami'ar Afirka ta Khartum, wanda yaƙi ya koro da iyalinsa zuwa unguwar Faisal, inda 'yan Sudan suka cika. Babbar 'yarsa ɗalibar likitanci ce da karatu ya tsaya mata, kuma a hannunta na fara ganin irin aikin da zan tarar a gaba. Bayan tarawihi takan zauna da waya da littafi, tana tattara ɗan abin da 'yan unguwarsu ta Bahri da ke warwatse a Masar da Saudiyya suka aiko, don a dafa wa waɗanda suka rage a can abinci. Duk wata kuma takan cire wani abu daga kuɗin da take samu na koyar da yara, ta saya wa mutanen Gaza sim.

Ta yi mini bayanin abin. Tun ranar 27 ga Oktoban 2023 da waya da intanet suka ɗauke gaba ɗaya a Zirin Gaza, wata marubuciya 'yar Masar, Mirna El Helbawi, ta fara tattara eSIM, wato sim ɗin da ba roba ake cusa wa waya ba, hoton lamba ake ɗauka da kyamara layi ya shiga. Mutum ko yana wace ƙasa zai saya da kuɗinsa ya aiko hoton, masu aikin sa-kai su miƙa wa na cikin Gaza, shi kuma ya hau bene ko tudu ya kamo sabis ɗin Masar ko na Isra'ila, ya buɗe wa maƙwabta su jona da wayarsa. Na ce to me ya hana a yi wa Jazira haka? Ta ce, “Ammu, Gaza faɗinta bai wuce kilomita 12 ba, ƙarfen sabis ɗin wata ƙasa yana kusa. Ƙauyen goggonka kuwa ina shi ina iyaka? Mu sai dai ta sama.”

Ta sama ɗin da take nufi shi ne farantin Starlink, na kamfanin attajirin nan Elon Musk, mai ɗauko intanet kai tsaye daga tauraron ɗan'adam. Hukumar Sudan ba ta ba shi lasisi ba, amma ana shigo da shi ta ɓarauniyar hanya daga Cadi da Libiya da Sudan ta Kudu.

Da na sauka Bur Sudan sabis ya riga ya dawo gabashin ƙasar. Injiniyoyin Sudani sun kafa sabuwar cibiya a garin a tsakiyar Fabrairu, Zain ta biyo baya a farkon Maris. Sabis ne mai nauyi, saƙo ya daɗe yana juyi kafin ya tafi, amma akwai shi. Duk wanda na zauna da shi sai ya ba ni labarin kwanakin da babu. Sai a nan na gane girman abin. A Sudan ta yau kuɗin hannu ya yi wuya, an wawashe bankuna da yawa a Khartum, mutane kuma suna tsoron yawo da tsaba saboda shingaye. Kusan kowa ya koma kan Bankak, manhajar Bankin Khartum, da ita ake sayen burodi, da ita ɗa da ke Jidda yake ciyar da uwarsa a Umdurman. Wani mai kanti ya nuna mini littafin bashin da ya buɗe a kwanakin, har da sunayen mutanen da ya san suna da miliyoyi a asusu, amma suka tsaya gabansa ba su da kuɗin gwangwanin waken ful. Wanda ya zauna a Gusau a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara mutane suna hawa mota har Funtuwa don kira ɗaya, ya ɗanɗani kaɗan daga cikin wannan.

Da asuba muka kama hanyar Gadarif a bas. Mun wuce Suwakin, tsohuwar tashar da alhazanmu na ƙasa suke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, muka hau duwatsun Bahar Maliya, sannan fili ya buɗe. Shingayen soja ba sa ƙirguwa. A yawancinsu bayan takardu sai waya: buɗe, kawo, a duba hotuna da saƙonni. Baƙo irina sai ya yi bayanin kansa a kowane shinge, kuma takardar gayyata da ɗan goggona ya aiko mini daga Gadarif ta yi mini rana. Magariba ta riske mu kafin Kasala. Mutanen wani ƙauye suka fito bakin titi suka tare motar, suka ce ba mai wucewa sai ya sha ruwa, aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo hilu-mur da asida. Yaƙi bai kashe wannan al'ada ba. Na kwana a Kasala ƙarƙashin duwatsun Taka, washegari muka haye kogin Atbara ta Khashm al-Girba muka shiga Gadarif, ƙasar dawa da riɗi.

Bahaushe ba baƙo ba ne a Gadarif. A kasuwa za ka ji Hausa, ka ga masu agashe suna gashi da yamma, ka ga mata da ƙwaryar godogodo. Wasu 'ya'ya da jikokin alhazai ne irin goggo, wasu kuwa asalinsu tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi a 1903, wadda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya jagoranta har aka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Ɗan goggona ya girme ni. Shi ya fito da matansa da yara tun a Disamba, uwar ta ƙi biyo su. Na same shi a wata makarantar firamare da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira, kowane aji iyali uku ko huɗu, an raba da zannuwa. Bayan mun gaisa ya ce, “Ƙanena, ka sha hanya, amma nan ne iyakarka. Gaba da garin Fawo ba mai wucewa sai wanda ya sayar da ransa. In labarin Inna kake so, zo in kai ka wajen yaran nan.”

Yaran nan su ne matasan ɗakin agajin gaggawa. Tebur ne guda a barandar ofishin hedimasta. A kan rufi sun ɗora faifan sola biyu, waya ta sauko zuwa batirin mota, daga nan zuwa wani dogon katako da aka jera wa soket, wayoyi sun yi layi suna shan caji, kowace an liƙa mata takarda da sunan mai ita. Wani saurayi, wanda kafin yaƙi gyaran waya yake yi a kasuwar Madani, shi ke kula da wannan. Akwai waya ɗaya da aka ɗaure a saman sandar tuta don a can sabis ya fi ƙarfi, ita ke raba wa tsakar gidan intanet na awa biyu da safe, biyu da dare. Kuɗin data karo-karo ake yi. Ba mai biyan su ko sisi, kuma yawancinsu su ma a azuzuwan nan suke kwana.

Amma zuciyar aikin tana hannun wata budurwa Bahaushiyar Gadarif, malamar makaranta, mai riƙe da littattafai. Kowane littafi na yanki ɗaya ne na Jazira: kudancin Madani, Hasahisa, Rufa'a, haka dai. Ka zo ka faɗi sunan wanda kake nema, ƙauyensu, sunan limamin unguwa ko mai kantin da kowa ya sani, ta rubuta. Ta tambaye ni, “Baffa, saƙo ne kawai ko da kuɗi?” Na ce duka biyu. Ta ce to saƙon kada ya wuce rabin minti, kada in ambaci soja, kada in ambaci Da'am, haka suke kiran RSF, kada in faɗi yawan kuɗin, kada ma in ce daga Nijeriya nake magana, domin gidan da aka ji yana da ɗan'uwa a waje gidan da za a dawo wa ne da dare.

Ga yadda saƙon ke tafiya a lokacin. A yankin su goggo akwai wani malamin makaranta da ya ƙi fita. Bayan kwana biyu ko uku yakan hau keke zuwa wata kasuwa inda wani ɗan kasuwa ya kafa farantin Starlink, da izinin 'yan RSF, waɗanda ke karɓar rabonsu. Awa ɗaya a lokacin wajen fam 3,000 ce. Mutane ne jingim a ƙarƙashin rumfa, masu bindiga suna zaune gefe suna jin abin da kowa ke faɗa, in sun ga dama su karɓi waya su duba. A cikin awar nan malamin zai sauke duk saƙonnin da budurwar ta tara masa, ya tura nasa da ya tattaro gida-gida, ya duba kuɗin da ya shigo asusu. Kafin ya bar wurin ya goge abin da ke iya jawo masa bala'i, ya kwafe sunaye a takarda ya cusa a cikin hula. Kuɗin kuma ba ya zama tsaba sai an sami ɗan kasuwar da zai karɓi tiransifa ya ba da takardun kuɗi, a cire kashi 10, wani lokaci har 20 cikin ɗari. Don haka sun fi so a tura wa mai hatsi kai tsaye, ya ga alat a rumfar farantin, ya auna dawa da adas a kai takiyya.

Takiyya ita ce tukunyar unguwa, wadda ake dafawa kowa ya zo da kwanonsa. Tsohuwar al'ada ce ta zawiyoyin shehunai, matasa suka raya ta da yaƙi ya zo. Su waɗannan ɗakunan agaji daga kwamitocin unguwanni suka tsiro, waɗanda suka shirya zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Umar al-Bashir a 2019, kuma sun daɗe da sanin duhu. Bayan kisan da aka yi wa masu zaman dirshan a Khartum ranar 3 ga Yunin 2019 an kashe intanet fiye da wata guda, bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 ma an kashe na makonni. A lokacin suka koyi aika saƙo a takarda da ƙafa. Amma wancan duhun taro ya hana, wannan kuwa abinci ya hana. A farkon Maris na 2024 ɗakin agaji na jihar Khartum ya sanar cewa fiye da takiyya 200 daga cikin kusan 300 sun sauke tukunya, ba don gudummawa ta ƙare ba, sai don kuɗin yana maƙale a waya ba hanyar taɓa shi.

A nan nake so mai karatu ya tsaya. Mun saba ɗaukar intanet abin hira da kallon hotuna, har in an ce an rufe wa wani gari sabis sai mu ce ai ba ruwa ba ne, ba wuta ba ne. A barandar nan na ga tsohuwa ta zo da takardar likita tana so a ɗauki hotonta a tura wa ɗanta a Riyad, na ga magidanci yana tambayar wace hanya ce babu shinge kafin ya aika a fito da matarsa mai ciki, na ga yarinya tana duba shafin ɓatattu a Facebook hoto bayan hoto tana neman yayanta. Mai bindiga ba ya rasa hanyar magana da ɗan'uwansa, yana da rediyon soja, yana da faranti a bayan mota. Wanda ake kashe wa waya shi ne mai kwano a hannu. Ni a wurina duk wanda ya sa hannu ya kashe wa farar hula sabis a lokacin yaƙi ya yi amfani da makami a kansu, kuma ya kamata a tuhume shi kamar yadda ake tuhumar wanda ya tare motar abinci.

Kada kuma a ɗauka matasan nan lallashinsu ake yi. A yankunan RSF ana kama su da zargin su 'yan leƙen asirin soja ne, a yankunan soja ana zarginsu da yi wa RSF aiki, tunda suna magana da mutanen da ke can. A farkon 2024 wasu jihohin da ke hannun soja sun haramta kwamitocin unguwa. An tsare da yawa, an kashe wasu. Mai gyaran wayar ya ce mini kalmar da ta fi ba shi tsoro ita ce “muta'awin”, mai haɗa baki, don ba ta buƙatar hujja.

Na yi kwanaki ina zuwa barandar safe da dare. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a fuskar kowa a layin nan za ka karanta haka. Ran nan bayan la'asar budurwar ta ɗago kai ta ce, “Baffa, kira yayanka, malam ya hau.” Muka tsuguna gefen tebur ta kunna. Muryar goggo ce, ta ƙara tsufa, amma ita ce. Ta yi sallama, ta ce tana lafiya, ta ce saƙo ya iso, Allah ya yi albarka. Sai ta shiga lissafa mutane da sauri kamar yadda aka koya mata: wance tana nan, wane ya tafi Sinnar, an kwashe shanu da injin ban-ruwa amma ba a taɓa kowa a gidan ba. A ƙarshe ta ce maƙwabcinsu mai ciwon sukari ya rasu a watan jiya, allurarsa ta ƙare, 'ya'yansa sun tura kuɗi amma ba a gani ba sai bayan sadakar bakwai. Ta ce a gaya musu, don ba su sani ba. Yayana ya share hawaye, ya karɓi lambar babban ɗan mamacin daga littafin, ya koma gefe ya kira shi a Kasala. Budurwar ta ja layi a ƙarƙashin sunan goggo, ta rubuta kwanan wata, ta kira na gaba.

Da daren muka yi doguwar muhawara da mai gyaran waya a kan farantin nan. Shi ba ya ƙaunarsa. Ya ce kowace awa da malam ya saya, wani abu daga ciki yana shiga aljihun waɗanda suka kore shi daga gidansa, kuma da irin farantin suke tsara hare-harensu. Ya ce soja ma sun kafa nasu a Umdurman mutane suna taruwa. Na ce to a rufe? Ya yi shiru, can ya ce, “Malam, in aka rufe, Da'am za su sami wata hanya. Goggonka ce ba za ta samu ba.” Abin da ya fi ci masa rai, kuma ni ma ya ci mini, shi ne rayuwar miliyoyin mutane ta rataya a kan abubuwa biyu da ba su da iko da ko ɗaya: maɓallin da ke hannun masu bindiga a Khartum, da shawarar wani kamfani a Amurka. Ya ce a Darfur ma da suka riga kowa shiga duhu, akwai garuruwan da aka koma rubuta wasiƙa da hannu ana ba direbobin tasha.

Kafin in taso na tambayi budurwar abin da suka fi buƙata. Ba ta yi dogon tunani ba: batiri, don na motar ya fara sanyi, da fawa-bank da za a aika wa malam, da wanda zai ɗauki nauyin awanninsa a rumfa kowane wata. Muka yi tsari da yayana, kuɗi su riƙa bi ta asusunsa.

Ina dawowa Kano sai ga labari cewa kamfanin Starlink ya sanar da masu amfani da shi a ƙasashen da ba shi da lasisi cewa zai yanke su daga ƙarshen Afrilu. A watan Mayu ƙungiyoyin agaji da na kare haƙƙi kusan 100 suka fitar da takarda suna roƙon kada a yanke wa Sudan, suna kuma kira ga ɓangarorin biyu su maido da layukan waya. Wa'adin ya wuce, farantin kasuwar bai mutu ba, malam ya ci gaba da hawa kekensa. A ƙarshen Yuni RSF ta kama Sinja, babban birnin jihar Sinnar, sabon ayari ya kwararo Gadarif cikin ruwan damina. Budurwar ta aiko mini saƙo cewa ta buɗe sababbin littattafai na Sinja da Dindir da Suki, wayoyin da ke jiran caji kuma sun fi ƙarfin faifai biyu. Muka kira taron dangi a gidan babban wanmu a ranar Juma'a, aka haɗa kuɗin faifai na uku da sabon batiri, aka tura.